Tsamiyar Cikin Kasko

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya, kuma aikin asibitin da aka tura ki na shekara guda bai fi ƙarfinki ba. Ni lafiyata lau, ban da gwiwa da kunnen nan da kika sani. Tela maƙwabcinku ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Na gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi wa maganata kwalliya. Salular da kika bar min tana cikin aljihun tebur. Mutum ya yi ta ihu a kunnena ban ji komai ba, gara takarda.

Gida yana nan yadda kika bar min shi. Famfon tsakar gida yana ɗiga, na ɗaure shi da roba. Kwanon ruwan tsuntsaye ina cika shi safe da yamma. Kurciyoyi biyu suna zuwa, da wasu ƙanana masu jan ƙirji, har ƙudan zuma suna jeruwa a bakinsa, sai da na sa musu tsakuwa kada su nitse.

To ga abin da ya sa na ta da Tela daga kan keken ɗinkinsa da rana tsaka. Kwana uku da tafiyarki ina share baranda, sai na tsaya a kan 'yar shukar nan ta cikin kasko, wadda kika ce in riƙa ba ta ruwa. Ni duk zatona fure ce irin ta mutanen birni. Na durƙusa na murza ganyen, na sunsuna, na shafa ɓawon. 'Yata, tsamiya ce. Kuma ba 'yar tsiro ba, tsohuwa ce, ɓawonta ya tsattsage, amma tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Shekara hamsin na yi ina aikin lambu, ban taɓa ganin haka ba. Sai da na zauna a ƙasa.

Da na ƙara dubawa sai na ga abin da ya fi. An nannaɗe rassanta da wayar tagulla, an lanƙwasa su da ƙarfi. Wani reshe an danne shi ƙasa kamar an murɗe hannun mutum ta baya. Wayar ta ci ɓawo ta shige cikin jiki, har wurin ya kumbura. Ban iya cin abinci ba ranar. Na je na aro filaya wurin mai gyaran babur, na kwance duka, guda bakwai.

Ki gaya min wanda ya sayar muku da ita. Ina so in ga fuskar mutumin da zai yi wa itace haka ya kuma karɓi kuɗi.

Takardar da kika manna a bango Tela ya fara karanta min. Da na ji maganar ban ruwa ce sai na ce ya bari. Ba a wannan shekarun za a koya min ba wa shuka ruwa ba.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ni ƙalau nake, aiki ne dai da yawa. Ka yi min godiya wurin Tela.

Takardarka ta yi kwana goma sha tara a hanya. A tsaye na fara karanta ta a bakin ɗakin marasa lafiya, kafin in kai ƙarshe sai da na nemi kujera.

Baba, ba saya muka yi ba. Ɗanka ne ya raine ta da hannunsa tun kafin ya aure ni. Wata gwaninta ce da mutane suke yi, a riƙe bishiya ƙarama da gangan, a yi ta gyara ta shekara da shekaru har ta yi kamar babba a cikin tafin hannu. Duk lanƙwasar da ka gani shi ya yi. Wayar da ka kwance kuwa ita ce ta ƙarshe da ya naɗa, mako biyu kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na san ya kamata a cire ta tuntuni. Na kasa ne. Shekara ɗaya da rabi ina kallonta ina ganin yadda yatsunsa suka murɗa ta.

Abin da ya faru ya faru, ban ƙullace ka ba. Ka dai adana min guntayen wayar. Roƙona ɗaya ne, don Allah kada ka fitar da ita daga kaskon nan ko da ka ga ganye ya yi rawaya. Ka sa Tela ya karanta maka takardar bango har ƙasa, duk yana ciki.

'Yarka

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fata jiki lafiya. Ni na ɗan yi mura da ruwan farko, ta wuce. Yau mako biyar da aika miki takarda ban ji komai ba. Tela ya ce haka gidan waya suke. Ni kuma na ce da kina da ja a kan abin da na yi, da kin san yadda za ki yi in ji.

Albishirinki. Na raba baiwar Allah nan da wahalarta.

Bayan na kwance wayar sai na ga ganyen ƙasa yana rawaya. Na ce ciwon yana can ciki. Na kifa kaskon a hankali a kan buhu. 'Yata, da kin ga abin da na gani, da kin yi kuka. Babu ƙasa, tsakuwa ce da ɗan yashi. Uwar saiwa, wadda take nitsawa ta nemo ruwa, an datse ta tun da daɗewa. Sauran saiwoyin duk an yanke musu kai da wuƙa mai kaifi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ga tabo a kan tabo. Na kira Tela ya gani da idonsa don kada a ce tsoho ya fara ruɗewa. Shi cewa ya yi wai in jira amsarki. Na ce masa in ya ga mutum a ɗaure a rana, takarda zai tsaya jira?

Na haƙa rami a tsakiyar gida, nan inda siminti bai kai ba, zurfin gwiwa. Gwiwar tawa ta yi ƙorafi, ban saurare ta ba. Na samo ruɓaɓɓen taki wurin mai awakin bayan layi, na gauraya da ƙasar sama, na zaunar da ita, na zagaye ta da kara. Kwana huɗu aka yi ruwa kamar an san da ita.

Yanzu mako uku ke nan. Ki zo ki ga toho. Ta fitar da sabon reshe daga tsakiya, miƙaƙƙe, yana neman sama kamar wanda aka sako daga kurkuku. Kullum da safe ina auna shi da ɗan yatsa. In Allah ya ja kwana, nan da shekara shida za ki shimfiɗa tabarma a inuwarta, ki ce Baba ya yi aiki.

Kaskon ban yar ba. Na toshe hujin gindinsa na zuba ruwa, tsuntsaye suna wanka a ciki, har faɗa suke yi a kansa.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙin murar. Ni lafiya.

Na ga takardata ba ta riske ka ba kafin ka yi abin da ka yi. Na karanta layin da ka ce ka raba ta da wahalarta, na ajiye takardar na yi awa guda ban ɗauka ba, don na zaci ta mutu ka tone ta. Da na ci gaba sai na rasa wanne ya fi.

Baba, duk shekara biyu ɗanka yana fitar da ita, ya shimfiɗa jarida a baranda, ya rage saiwar da almakashi, ya mayar. Yini guda yake yi ba ya magana da kowa. Tabon da ka gani nasa ne. Sabon reshen da kake aunawa da yatsa, in ya yi ƙarfi zai shanye sauran, duk siffar da ya ba ta za ta tafi. Ita kaɗai ce abin da ya bar min mai rai.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Don girman Allah ka mayar da ita.

'Yarka

*

'Yata,

Ina amsa gaisuwarki, ina fata kina lafiya. Ni jiki da sauƙi, zuciya ce dai.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo, ta farko ta yi yawo har kusurwarta ta cinye. Tela ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda ya saba, ya zo wani wuri ya tsaya yana gyaran murya. Na ce mene ne, ya ce gara in zauna. Sau uku na sa ya maimaita min inda kika ce mijinki ne ya yi. Na karɓi takardar ma na duba da kaina, alhali ban san ko ɗigo ba.

Ban yarda ba sai da na kwana biyu. Yaron da akuya ta cinye masa dashen gwaiba yana ɗan shekara bakwai, ya yi kuka har ya shiɗe. Yaron da ni na koya masa auren mangwaro, na koya masa ba a yanka itace sai da dalili. Shi ne zai zauna da almakashi yana datse saiwa duk shekara biyu? A ina ya koyo? Wa ya ce masa wannan gwaninta ce? Da yana raye da ya ji daga bakina.

Maganar wayar tagulla, ban ji daɗin kaina ba. Mai gyaran babur na ba, ladan filayarsa. Jiya na koma, muka zazzage gwangwaninsa a ƙasa, muka samu huɗu. Uku ya riga ya ɗaure wani abu da su a babur ɗin mutane, sun tafi. Huɗun suna cikin ambulan a ƙarƙashin matashinki, ban miƙar da su ba. Ki yafe min wannan. Amma ki sani da ban cire ba, da ta shaƙe rassan kafin baɗi.

Mayar da ita cikin kasko kuwa, 'yata, ba zan yi ba. Yau wata uku tana ƙasa. Sabon reshen ya kawo min ƙugu. Ta sa saiwa, na sani, don na girgiza ta ba ta motsa ba. In na tone ta yanzu kashe ta zan yi. Ki yi fushi da ni, kin fi ni gaskiya a wajen rashi, amma a wajen itace na fi ki. Abin mijinki yana raye, yana ma ƙara rayuwa. Gidan nan nasa ne, itacen nasa, ƙasar tasa. Ina laifi?

Tela ya ajiye biro wai shi ba zai rubuta "na fi ki" ba. Na ce ya rubuta, ya kuma rubuta cewa ya ƙi.

Abu ɗaya nake so ki gaya min. Shekarunta nawa? Ɓawon yana ce min ta haura ashirin, ido yana ƙaryatawa.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya. Na gode da wahalar da ka sha a kan wayar. Huɗun sun ishe ni.

Shekararta ashirin da shida. Ɗanka ne ya gaya min, kuma yana ƙirgawa duk damina. Ƙwallo ya shuka a gwangwanin madara. Inda ya samo ƙwallon bai taɓa faɗa ba, na tambaya sau ɗaya ya canza magana.

Yanzu dole in gaya maka abin da na so in bari sai na dawo. Baba, gidan nan ba namu ba ne. Haya muke yi. In ya ce maka "gidanmu" ba ƙarya yake nufi ba, kunya ce ta hana shi ƙarasawa, ni ma na bi shi a haka. Tun aurenmu sau tara muka tashi. Duk tashi, kaya suna bayan mota, shi yana gaba da kaskon a cinya, yana ce wa direba ya bi a hankali. Ya taɓa ce min mutumin da ba shi da ƙasa, in yana son bishiya, sai dai wadda zai iya ɗauka. Ba don mugunta yake rage saiwar ba.

Mai gidan ya aiko min tun kafin in taho. Ƙarshen shekara zai karɓi gidansa, zai rushe ya yi shaguna, tsakar gidan duk siminti za a zuba. Na riga na kama ɗaki biyu a hawa na uku kusa da asibitinmu. Saura wata huɗu.

In ta zauna a ƙasa, ba inuwa za ta yi ba, Baba. Leburori za su sare ta da safe ɗaya. Ka ce in an tone ta za ta mutu. To ni ban san abin yi ba. Kai ka san itace.

'Yarka

*

'Yata,

Na gaishe ki. Kada ki tambayi lafiyata yau.

Tela ya karanta, na ce ya tafi ya dawo gobe. Yau ce goben.

Ashirin da shida. Ni ba na rubutu, amma ba na ɓatar da shekara. Bana shekara ashirin da shida ke nan da aka kawo motocin hanya suka ratsa lambunmu. Shekarar da uwar mijinki ta karye a hannu, shekarar da rijiyar gabas ta rufta. A bakin lambun akwai tsamiya, kakana ya dasa ta, mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. A gindinta aka yi min aski na fari, a gindinta mijinki ya koyi tafiya.

Da suka kawo takardar da zan dangwala, shi ya karanta min, yana ɗan shekara goma sha tara, shi kaɗai ne mai karatu a gidan. Ya karanta ya ce Baba babu yadda za mu yi. Na dangwala. Ranar da suka kayar da ita, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Na juya baya don kada in gani. Da na waiwayo sai na hango shi a sunkuye cikin rassan da suka faɗi, hularsa a hannu. Na ɗauka taya leburori yake yi. Na kira shi gaban mutane na ce, "Karatunka ya ci min itace, yanzu kuma kana taya su kwashe gawa." Ya miƙe. Ya rungume hular ya wuce. A makon ya tafi birni neman aiki, daga nan bai ƙara zama gida ba sai ziyara.

'Ya'yan tsamiya yake tsinta, 'yata. Jiya na gane. Shekara ashirin da shida ina ba da labarin ranar nan, ina alfahari ba na mantuwa, ashe ban san abin da na gani ba.

Sau huɗu na zo gidajenku. Na wuce ta a baranda, wataƙila ma na rataye hulata kusa da ita. Bai ce min ga 'yar tsamiyar kakanka ba. Ni kuma ban durƙusa ba.

Maganar haya ba zan ce komai ba. Da ya faɗa min, da na yi masa surutu, ya san halina.

To ki saurara. Zan tone ta. Amma ba yadda takardarki ta bango ta ce ba, na sa Tela ya karanta har ƙasa, babu maganar itacen da ya yi wata huɗu a taki. Yadda muke tayar da dashen da ya kama ƙasa zan yi. Gobe in haƙa rabin da'ira ta gabas, in datse saiwar wannan gefen, in mayar da yashi. In bar ta mako uku ta fitar da ƙananan jijiyoyi kusa da gindi. Sannan in yi gefen yamma, in sake jira. Sai a ƙarshe in shiga ta ƙasa. Sabon reshen nan da nake aunawa, shi ma sai ya tafi, don saiwar da za ta rage ba za ta iya ciyar da shi ba.

Ban yi miki alkawari ba. Cikin goma irin wannan, huɗu suna mutuwa ko a hannuna.

Babanki

*

Maƙwabciya,

Tela ne, da bakina wannan karon. Ina gaishe ki, iyalina ma suna gaisuwa. Baba bai san na rubuto ba, ya ma hana ni, amma na ga wata biyu ke nan ba ki ji komai ba.

Ya yi duk yadda ya ce. Ranar tonon ƙarshe na ce in riƙe masa wuƙar, ya ce in koma kan kekena. Shi ya yanke dogon reshen, ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya ajiye. Kwana shida bayan nan ganyen ya zube duka, ko ɗaya bai rage ba. Yanzu kwana goma sha biyu tana tsaye kamar busasshen ƙirare. Ya kafa mata rumfa da tsohon zanen gado, yana zaune a gefenta tun safe. Abincin da matata take kai masa rabi yake dawowa. In na ce mu rubuta miki, sai ya ce me zai ce.

Ban rubuto don in tayar miki da hankali ba. Na ga dai ya kamata ki shirya zuciyarki.

Tela

*

'Yata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ni na rame kaɗan, zan mayar. Tela ya amsa laifinsa, ya ce ya rubuto miki a ɓoye. Na yi masa faɗa, amma ga shi dai shi ne riƙe da biro.

Ta yi toho.

Kwana ashirin da uku ta yi tsirara. Kullum ina so in karce ɓawon da farce in ga ko da ɗanye a ciki, ina tsoron abin da zan gani. Shekaranjiya da safe ina zuba mata ruwa da murfin buta, sai na ga wani ɗan abu ja-ja a gindin reshe, bai kai ƙwayar gero ba. Na ce idona ne. Na kira matar Tela, ita idonta garau, ta ƙirga tara. Yau sun zama goma sha huɗu, uku sun buɗe.

Yanzu abin da ba daɗi, gara ki ji daga bakina. Reshen nan na ƙasa, wanda mijinki ya danne da wayarsa ta ƙarshe, bai tashi ba. Na karce shi, busasshe ne har ciki. Ko wayar ce ta fara cinye shi, ko tonona ne ya ƙarasa shi, ban sani ba, ba kuma zan ɗora wa wayar don in wanke kaina ba. Ban sare shi ba. Yana nan a lanƙwashe yadda ya bar shi. Ke za ki yanke hukunci in kin zo.

Gindin ya yi kauri, tsohon kaskon ya ƙi ɗaukarta. Na sa mai tukwane ya gina wani, ya fi wancan faɗi da yatsa huɗu, zurfi ɗaya. Na ɗaga na gwada, mace za ta iya ɗauka a cinya.

Sai dai ki sani, itacen da aka yi wa irin wannan yanka bai fita haɗari ba sai ya ga damina ta zagayo. Yana son ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, a kan lokaci, da mai duba ganye kullum. Ke kuwa aikinku ba shi da lokaci, yau safe gobe yamma. In na miƙa miki ita haka, cikin wata guda za ki kashe min ita da ƙauna.

Saboda haka ki aiko min da amsar abu uku. Tagar ɗakin nan na hawa na uku, ina take fuskanta, kuma awa nawa rana take shiga? Matakalar guda nawa ce, ki ƙirga da ƙafarki, kada ki rage don ki faranta min. Na uku, ko akwai inda tabarma ɗaya za ta shiga kusa da tagar. Ba ni da kaya, buhu ɗaya ne da buta.

Tela yana dariya wai gwiwata ba za ta hau ba. Sau ɗaya zan hau. Ba sai na sauko ba kafin damina.

Babanki